Ɗan Aike, Ina Rasit?

Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ko ta Sabon Gari ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa yana bin ta sau da ƙafa. Idan maigida ya ƙirga kuɗi ya ba yaron shago ya ce tafi Legas ka saro kaya, to ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya zazzage takardu: ga kuɗin kaya, ga na mota, ga na 'yan dako, ga abin da ya ci a hanya, ga canji. Yaron da ya dawo ya ce, "Alhaji, ai ka yarda da ni, a bar maganar lissafi," ya gama zama a wannan shago, kuma labarinsa zai riga shi isa layi na gaba. Babu mai ganin an ci mutuncin yaro don an nemi rasit. Hasali ma rasit ɗin ne yake tsare masa mutunci.

To abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu ɗin nan mutanen Fagge da Sabon Gari, da ba ma wasa da wannan ƙa'ida a kan dila ɗaya ta atamfa, mu ne kuma muke tura 'yan aike Abuja duk bayan shekara huɗu, a danƙa musu miliyoyi da sunanmu, su dawo mu tarbe su da kiɗa da kirari, ba mai cewa ina lissafi. Wakili ai ɗan aike ne. Ko ya sa babbar riga mai aska tara, ko jiniya tana gabansa tana bayansa, aikensa aka yi, kuma da kuɗin masu aiken ya tafi.

Bari mu fara da tambayar da ya kamata a ce ɗan firamare ma ya san amsarta: nawa ake ba sanata a wata? A watan Agusta na 2024 shugaban hukumar RMAFC, wadda sashe na 70 na tsarin mulki ya ɗora wa alhakin yanke albashi da alawus na 'yan majalisar tarayya, ya ce albashin sanata da alawus-alawus ɗinsa na wata Naira 1,063,860 ne. Ba a rufe baki ba sai Sanata Abdurrahman Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa, ban da albashi, akwai Naira miliyan 21 da ke shigo wa sanata duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis. Kafin shi, a watan Maris na 2018, Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya ce a zamaninsu miliyan 13.5 ne. Wato hukumar da doka ta ba wuƙa da nama tana maganar miliyan ɗaya, mai karɓa yana maganar miliyan 21, talaka kuma yana tsakiya ya saki baki.

Malam mai karatu, ɗauki alƙalami mu yi lissafin tare. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Raba miliyan 21 da dubu 70, za ka sami 300. Kuɗin ofishin sanata ɗaya na wata ɗaya daidai yake da albashin ƙananan ma'aikata 300, ko kuma albashin ma'aikaci ɗaya na shekara 25 cur, idan bai taɓa ko sisi ba. Sanatocin kuwa 109 ne, ga 'yan majalisar wakilai 360 da nasu kason. Kasafin Majalisar Tarayya da yake Naira biliyan 125 a 2017 ya haura biliyan 344 a 2024.

Kada a ce ina hassada. Na san ofis yana cin kuɗi. Akwai ma'aikata, akwai zirga-zirga tsakanin Abuja da mazaɓa, akwai bincike da takardu, kuma wakilin da aka bari da yunwa shi ne mai sauƙin saye. Rigimata da su a kan ɓoyon ne. Shi kansa Shehu Sani ya bayyana cewa ana buƙatar sanata ya kawo rasit na yadda ya kashe wannan kuɗi. To madalla, ashe rasit yana nan. Wa ake nuna wa? Ma'aikatan majalisar da su 'yan majalisar ke shugabanta. Yaron shago ya rubuta rasit, ya miƙa wa abokinsa yaron shago, abokin ya buga hatimi ya jefa a durowa, maigida kuwa an ce ya yi haƙuri, sirrin aiki ne. A wace kasuwa ake yin haka?

Wannan ciwo tun ranar gini aka yi zanensa. A 1999, majalisa ba ta ko gama zama daram ba aka ware wa kowane sanata Naira miliyan 3.5, kowane ɗan majalisar wakilai miliyan 2.5, na sayen kujeru da gadaje, har ƙungiyar ƙwadago ta fito zanga-zanga. Daga nan zuwa yau, duk ɗan abin da muka sani game da kuɗin majalisa, ko dai wani ne ya yi ta maza ya fasa ƙwai, ko rigima ce ta ɓarke tsakaninsu, ko kuma suɓutar baki aka yi. A 2010 Sanusi Lamido Sanusi, lokacin yana gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ya ce kashi 25 cikin 100 na kuɗin hidimar yau da kullum na gwamnatin tarayya majalisa ce ke lanƙwamewa. Aka kira shi gaban sanatoci don ya janye, ya ƙi. A 2016 Abdulmumin Jibrin mai wakiltar Kiru da Bebeji ya yi zargin an yi cushe a kasafin kuɗi, sai aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ya yi makamancin wannan zargi, shi ma aka yanke masa wata uku. Ko gaskiya suka faɗa ko sharri, ai hanya mafi sauƙi ta kunyata su ita ce a buɗe littafi kowa ya duba. Amma kullum sanda ake ɗaukowa, littafin yana rufe. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Suɓutar baki kuwa, wa zai manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya sanar da 'yan uwansa cewa an tura musu ɗan abin shan iska na hutu a asusunsu, da aka tuna masa ana haska zaman kai tsaye sai ya ce addu'o'i ne aka tura musu? A cikin wannan shekarar, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, aka sayo musu motocin alfarma da jaridu suka ƙiyasta kowace ɗaya a kan kimanin Naira miliyan 160. A daidai lokacin magidanci a Rijiyar Lemo ko Kwaciri yana ajiye babur ɗinsa yana takawa da ƙafa zuwa kasuwa.

Yanzu sai mu juyo kan hujjar masu kare su, don tana da ɗan nauyi. Sukan ce, ai kuɗin nan wurin jama'a suke komawa. Je ka ƙofar gidan ɗan majalisa da asuba ka gani: wannan matarsa ta haihu, wancan an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ga mai neman kuɗin makaranta, ga mai neman ragon layya, ga ƙungiyoyin matasa da takardun gayyata. Haka ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun mayar da wakili asusun unguwa, mun manta an zaɓe shi ne don ya yi doka ya kuma sa ido a kan yadda gwamnati ke kashe dukiyar ƙasa. Sai dai wannan hujja ita ce babban dalilin da ya sa dole a buɗe lissafi. Idan da gaske miliyoyin a kan marasa lafiyar Fagge suke ƙarewa, to a rubuta, a manna, mu gani mu yi godiya. Kyautar da ake yi da kuɗin da ba a bayyana ba, toshiyar baki ce. An ɗebi naka a ɓoye, an gutsuro maka kaɗan a bainar jama'a, ka durƙusa kana godiya, gobe kuma ba ka da bakin tambaya, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Haka zancen yake a kan abin da ake kira ayyukan mazaɓa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce an ware kimanin Naira tiriliyan ɗaya a cikin shekara goma domin waɗannan ayyuka, ba tare da an ga amfanin da ya kai kuɗin ba. Mu abin da muke gani shi ne ranar rabon keken ɗinki da injin markaɗe, da hoton mai girma a jikin kowane kwali, kamar daga gadon gidansu ya ɗebo. Nawa aka ware, nawa aka sayi kowane keke, wane ɗan kwangila aka ba, ba mai faɗa, ba mai tambaya.

Kada kuma wani ya ce halin baƙar fata ne. A Ingila, a 2009, bayan wata 'yar jarida mai suna Heather Brooke ta shafe shekaru tana neman takardun a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, jaridar Daily Telegraph ta fallasa abin da 'yan majalisarsu ke karɓa da sunan hidimar aiki. Har da wanda ya nemi a biya shi fam 1,645 na ɗakin agwagin da ya sa a tafkin gidansa. Shugaban majalisar, Michael Martin, ya sauka, wasu 'yan majalisa suka sha ɗauri, aka kafa hukuma mai zaman kanta wadda ke biyan kuɗin tana kuma wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya nema a intanet. Turawan nan ba waliyyai ba ne, sun ci kamar yadda namu ke ci. Da aka kunna fitila ne hannu ya rage shiga tukunya.

Ba ma sai mun je Ingila aron darasi ba. Malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar, da wani ya tsayar da shi yana kan mumbari ya nemi bayanin yadda rigarsa ta fi ƙyallen da aka raba wa kowa, har sai da ɗansa Abdullahi ya tashi ya shaida cewa nasa rabon ya ƙara wa mahaifinsa. Halifa bai sa an kama mai tambaya ba. Kuma a nan Sabon Gari ne, ranar 8 ga Agusta 1950, su Abba Maikwaru da Bello Ijumu suka kafa NEPU, jam'iyyar da ta koya wa talaka ya dubi mai mulki ya tambaye shi ina harajinsa ya tafi. An ɗaure iyayenmu an yi musu bulala a kan wannan tambaya. Yau da ba mai ɗaure mu, mu ne muka sayar da ita a kan taliya da atamfa.

Sakamakon yana nan a akwatin zaɓe. A 2003 kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa. A 2023 ko kashi 30 ba a samu ba. Mutumin da ya ɗauka cewa duk kanwar ja ce ba zai ɓata yininsa a layi ba, kuma wakili na kirki shi ya fi kowa asara, don ba shi da abin da zai nuna ya bambanta kansa da ɓarawo.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Fagge, da na majalisar jiha, da sanatan Kano ta Tsakiya, kowannensu ya riƙa fitar da takarda duk bayan wata uku, da Hausa da Turanci: ga abin da na karɓa, ga inda ya tafi, ga ayyukan mazaɓa da kuɗinsu da sunan ɗan kwangila. A manna a ofishin mazaɓa da sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofofin kasuwa, a karanta a rediyo. Kwamitin masallacin unguwa yana yin haka, ƙungiyoyin 'yan ƙabilu na Sabon Gari suna yi a taronsu. Wanda ya ƙi, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su rubuta, ɗalibai su rubuta. Idan kuma lokacin kamfe ya zo, kafin a karɓi hular ɗan takara a fara karɓar alkawarinsa a rubuce cewa zai buɗe littafi.

Mu kuma ma'abota alƙalami, da mu nake. Rubuta wasiƙar neman bayani ai sana'armu ce, haka ma mayar da dogon Turancin kasafin kuɗi zuwa Hausar da mai shayi zai gane. Amma marubucin da ya kai wa mai girma katin ƙaddamar da littafi yana jiran ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan, da wane baki zai tambaye shi inda miliyan ɗin ta fito? Mu fara tsarkake namu hannun, sannan mu nemi rasit.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu. Wassalam.