A nuna mana abin da ya biyo bayan da-na-sani

Tun da Tele Sahel ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, babu shirin da ya tara jama'a gaban akwatin talabijin kamar wasan kwaikwayo na ban dariya. Ƴan wasan gidan rediyon Damagaram, da Yazi Dogo, wanda malamin lakkwal ne tun farko, sun nuna cewa da dariya ana iya faɗa wa alhaji da ma'aikaci da uwargida maganar da ba a iya faɗa musu ido da ido. Wannan gado ne babba. Sai dai akwai wata al'ada da ta zauna wa masu tsara irin waɗannan wasanni, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a sake dubanta: da zarar mai girman kai ya faɗi, ya dafa kai ya ce da na sani, sai a rufe labule, kowa ya watse yana dariya.

To, mutumin fa? Washegari ina ya nufa?

Tambayar ba ta wasa ba ce ga mutanen Damargu. Ƙasar da aka sani da hatsi, wadda ayarin Abzinawa ke saukowa awo cikinta, ta sha fari a 1973 da 1984, har bida ta zame wa samarinta kamar wata sana'a. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban ƴan Nijar suka komo gida, da yawansu hannu wofi, kuma gundumar Tanut na cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. Daga 2014 kuma Aljeriya ta shiga maido da mutane ta iyakarmu ta arewa. Saurayin Falanko ko na Belbeji da ya sayar da akuyoyin uwarsa ya yi guzuri, ya komo da jaka ɗaya da wayar da ba ta aiki, ya riga ya san da-na-sani fiye da kowane ɗan wasa. Abin da ke hana shi barci kunya ce: yadda zai shiga gari da rana, yadda zai gaida surukai, wa zai ara masa iri kafin ruwa ya sauka. Akwai waɗanda kunyar nan ta sa suka sake juyawa hamada ba su ko kwana bakwai a gida ba.

A nan ne ban dariya ke da aiki. Mutumin da ya sauka daga mota da baƙin tabarau yana gwamutsa Larabci, bayan mako biyu ga shi da hauya yana tambayar ƙanensa inda iyakar gonar take, ai abin dariya ne. Amma dariyar da za ta sa shi ma ya dara, ya zauna, ita muke nema. Wadda za ta kore shi muna da ita da yawa a bakin kasuwa.

Ba sabuwar hanya muke kira a bi ba. A 1968 Umaru Ganda ya yi fim ɗin Cabascabo, labarin sojan da ya komo daga yaƙin Indocin, ya ɓarnatar da kuɗinsa, abokai suka watse, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Ganda ya kai mu bakin hanya ya tsaya. Saura wanda zai bi mutumin har gona.

Don haka muna kira ga shugabannin gidan talabijin na ƙasa da su ba da kuɗi da kayan aiki a yi wannan fim, a kuma ɗauke shi can Falanko cikin damina, da Hausar wurin da tsofaffin wurin, maimakon a kafa bukkar kara a bayan wani ofis na Yamai. In an gama, a fara nuna shi a filin garin kafin a sa shi a talabijin, domin gidaje da yawa a can ba su da lantarki.