Amla: bishiyar da ke jikin kwalbar man gashinki

Yau hirar ta fito ne daga kan teburina a kasuwar Dantokpa. Shekara da shekaru ina sayar da man gashin nan mai launin kore da ake kawowa daga Indiya, wanda aka zana wasu 'ya'yan itace kewayayyu a jikin kwalbarsa, amma ban taɓa tambayar kaina mene ne su ba. Sai da Yayana ya kai Baba asibiti a Delhi cikin hunturu, ya dawo mana da su ɗanyu a leda.

Sunansu amla. Girmansu kamar ƙaramin lemun tsami, fatar sumul, da layuka shida daga sama zuwa ƙasa. Na gatsa ɗaya, wallahi sai da na runtse ido: ga tsami ga bauri. Yaya yana dariya ya ce, “Kurɓi ruwa ki ji.” Na kurɓa, sai ruwan ya koma zaƙi a bakina kamar an jefa sukari. Tun daga ranar na shiga bin diddigin bishiyar.

A Indiya take, kuma yankin Pratapgarh na jihar Uttar Pradesh ya yi suna wajen nomanta. Abin da ya ja hankalina shi ne inda suke dasa ta: fako da ƙasa mai kanwa, wuraren da mangwaro ba zai yi daɗi ba. Idan ta kafu tana jure fari sosai. Tana yin fure a bazara, ɗan ya ɗauru ƙanƙane, sai ya tsaya cik bai ƙara girma ba duk tsawon zafin nan, har ruwan damina ya sauka sannan ya fara kumbura. Ana tsinka daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya san bazarar Katsina ko ta Maraɗi zai gane me ya sa na ce wannan tamu ce da ta ɓata hanya. Darbejiyar da muke zama a inuwarta ma ai daga can aka kawo ta.

Masu nomanta ba tare da takin zamani ba ga yadda suke yi. Tun kafin damina ake haƙa rami, faɗi da zurfi kamar mita ɗaya, a bar shi rana ta gasa. Sai a cika shi da ƙasar sama haɗe da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba, don ɗanye gara yake kira. A zuba dusar 'ya'yan darbejiya da aka matse wa mai, ita ce taki kuma tana korar ƙwarin ƙasa. Tsakanin bishiya da bishiya a bar mita 8 zuwa 10. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta zauna, a shuka wake a tsakani kafin inuwa ta haɗe. Abu biyu suke jaddadawa: ba a ban-ruwa lokacin fure, kuma ba a dasa iri ɗaya tak, sai an gauraya iri biyu, misali Chakaiya da NA-7, sannan 'ya'ya ke ɗauruwa da kyau.

Mai aure takan fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4. Ta ƙwallo kuwa sai ta kai shekara 7 ko 8, kuma 'ya'yanta ƙanana ne. Mu ta ƙwallon muka samu. Yaya ya shanya ƙwallayen har suka tsage, muka fitar da irin, aka shuka a gida. Biyar suka tsiro. Awaki suka ci uku a makon da aka manta ƙofar shinge a buɗe.

To nan ne maganar ta shafe mu, mu da muke shekara a waje sai Sallah ke kai mu gida. Babbar amla ba ta neman mai ita ya tsaya a kanta, amma jaririya tana so. Shekara biyu zuwa uku na farko sai da shinge, sai da ruwa a rani, sai da ɗan rufi daga iskar bazara mai ƙuna. In ba ki da wanda zai ɗauki wannan nauyin a gida, ki bar kuɗinki a jari. Kuma ki gaya masa tun wuri cewa tana kaɗe ganye ƙarshen hunturu. Ɗan ƙanena ya kira ni yana cewa, “Gwaggo, bishiyoyinki sun mutu, zan sare su.” Da kiran bai shigo ba, da yanzu sun zama itacen girki.

Amfaninta fa? Wanda ba a gardama a kansa shi ne bitamin C. Lemun zaƙi yana da kimanin miligiram 50 a cikin giram 100, amla kuwa ta ninka shi sau da yawa. Bitamin C yana taimaka wa dasashi da warkewar rauni, yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da zogale, abin da mata masu ƙarancin jini ke bukata. Indiyawa suna cin ta ɗanya da gishiri, suna jiƙa ta a sukari, kuma tana cikin haɗe-haɗensu na gargajiya irin su Triphala da Chyawanprash. Man kwalba kuwa, ku riƙa juya bayanta ku karanta: galibi wani man ne aka sa wa ɗan amla. Ni da nake sayarwa nake faɗa muku.

Abin da ba na so shi ne wanda ya faru da wata maƙwabciyata a Zongo. Ta ji saƙon murya a WhatsApp wai garin amla yana kashe ciwon suga har saiwarsa, ta ajiye ƙwayoyinta ta koma damawa a ruwa safe da yamma. Kafin wata ya cika mun kwashe ta zuwa asibiti da tsakar dare. An yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna amla na iya ɗan rage suga da kitsen jini, amma ragewa daban, warkarwa daban. Wannan ragewar ma ita ce dalilin da zai sa mai shan maganin suga, ko maganin tsinka jini, ya tambayi likitansa kafin ya maida garin abin sha na kullum. Da na je duba ta na ce, “Hajiya, ki ci ta yadda kike cin tsamiya, amma ƙwayarki ki riƙe.” Ta ce ta ji, kuma tun daga nan 'yarta ce ke ƙirga mata ƙwayoyin.

Bishiyoyina biyu yanzu sun wuce tsayin katanga, shekararsu huɗu, ko fure ɗaya ba su yi ba. In a cikinku akwai wanda ya san gidan renon itatuwa mai amla mai aure, a Gana ko Kamaru ko nan Benin, ya aiko mini ta hannun edita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.