Mai sabon dashe, ka tambaya kafin ka zuba ruwa

Jama'a, tun shekarar 1975 ƙasarmu Nijar ta ware ranar 3 ga watan Agusta domin dashen itatuwa. A birnin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar muna fita mu dasa dogon yaro, da bagaruwa, da zogale, da mangwaro. Amma idan bazara ta zo, mu koma mu duba. Ramuka da dama babu komai a cikinsu sai busasshen tsinke. Awaki sun cinye wasu. Wasu kuwa rashin iya ban ruwa ne ya kashe su.

Ra'ayinmu shi ne, ban ruwa ilimi ne da ake koyo. Wanda bai taɓa renon itace ba ya kamata ya tambayi waɗanda suka riga shi.

Sabon mai dashe yakan yi kuskure iri biyu. Na farko, yana yayyafa ruwa kaɗan kullum. Ruwan yana jiƙa saman ƙasa kawai, rana ta shanye shi. Saiwa ba ta nutsa, sai ta tsaya a sama inda zafi yake. Na biyu, yana cika ruwa saboda ƙaunar itacen, musamman wanda yake cikin leda ko tukunya. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ƙasa ta zauna cikin ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya lanƙwashe. Mai itacen ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, itacen ya mutu.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasar Japan akwai masu renon itace cikin ƙaramin kasko. Sunan wannan sana'a bonsai. Itacen yakan haura shekara 100 bai wuce tsawon mita 1 ba. Masu sana'ar suna cewa koyon ban ruwa kaɗai yana cin shekara 3. Ba su zuba ruwa don lokaci ya yi. Sai sun taɓa ƙasar sun ji.

Mu ma haka ya kamata mu yi. Mu tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan da sanyi da laima, mu dakata. Idan ta bushe, mu zuba ruwa a hankali har ya nutse. Mu yi ban ruwa da sassafe ko da marece. Mu huda gindin leda domin rarar ruwa ta fita. Mu yi wa itacen da ke ƙasa ɗan gurbi a kewaye, mu rufe shi da ciyawa ko kara, amma kada su taɓa jikin itacen saboda gara. Wanda yake da tsohon tulu yana iya binne shi kusa da itacen, ya cika shi da ruwa, ya rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Rufe tulu da randa wajibi ne, domin sauro yana hayayyafa a cikin ruwan da ya kwanta, shi ne kuma yake kawo zazzaɓi.

Wani zai ce: na tambaya, amma kowa da abin da ya faɗa mini. Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Ƙasar Adar ba iri ɗaya ba ce. Jigawa tana shanye ruwa nan da nan. Lakar fadama tana riƙe shi kwana da kwanaki. Fako da tudun duwatsu kuwa ruwa gudu yake yi a kansu. Itatuwan ma sun bambanta. Mangwaro yana son ruwa da yawa. Aduwa da magarya suna jure fari. Zogale ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Don haka mu tambayi wanda ƙasarsa ta yi kama da tamu, kuma itacensa ya rayu. Mu gaya masa irin itacen, da irin ƙasar, da watan da muka dasa, da yawan ruwan da muke ba shi. Idan da hali, mu kai shi ya gani da idonsa. Malaman gona da ma'aikatan gandun daji ma aikinsu ke nan.

Jiharmu ta riga ta ga amfanin koyo a wurin wasu. Daga shekarar 1975 manoman kwarin Majiya suka fara dasa layukan dogon yaro domin tare iska. A shekarar 1984 aka soma babban aikin Kaita, inda mata suka yi aiki tuƙuru wajen jera duwatsu da haƙa ramukan dashe. A shekarar 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara tassa, suka dawo suka gwada. Maƙwabta suka gani, suka tambaya, suka yi koyi. Da sun ji kunya, da fakonsu yana nan yadda yake.

A ƙasarmu damana wata uku ce zuwa huɗu. Sauran watanni, ruwan da itace zai sha daga rijiya yake fitowa, sau da yawa a kan mata da yara. Bai dace wannan wahala ta tafi a banza ba. Gara mutum ya dasa itace 2 ya raya su, da ya dasa 20 ya rasa su duka.

Ku kuma dattawa da gwanaye, idan sabon shiga ya zo, kada ku yi masa dariya. Ku ma wani ya koya muku. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana abin da muka dasa.