Injin Jirgin Ruwa Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Sabon Maci da jirgin ruwa, mu da ba mu da kogi? Amsa ita ce, da an kai gero rumbu, samarinmu na bazama cin rani. Wasu su nufi Gaya, wasu Yawuri da bakin Tafkin Kainji, wasu Tafkin Cadi. A can suke shiga jiragen fito da na ƴan kasuwa, wasu ma su zama yaran masu jirgi. Ran ɗanmu da kuɗin guminsa suna cikin wannan jirgi, saboda haka maganar ta shafe mu.

Wani saurayi da ya dawo bara ya ba ni labarin yadda injinsu ya mutu a tsakiyar kogi da almuru, jirgi cike da mutane da buhuna. Ruwa ya yi ta jan su har Allah ya kawo wani jirgi. Mai jirgin ya ce tsautsayi ne. Ni kuwa na ce sakaci ne, domin inji ba ya mutuwa sai ya daɗe yana kuka ba a saurara ba.

Abu na farko shi ne mai. Yawancin injunan da ake ɗaura wa jirage a Kogin Kwara, irin su Yamaha, nau'in nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Awon da aka saba shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji kan buƙaci ninkin haka a awowinsa na farko. A bi abin da littafin injin ya faɗa, a kuma auna da kwalba mai alama, ba da ido ba. Idan man ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kama. Idan ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, buji ya toshe. Man da aka juye daga mota kuwa guba ne ga inji. Fetur na kwalba da ake saye bakin hanya, a tace shi, domin ƙura da ɗigon ruwa ke toshe kafireta.

Na biyu, ruwan sanyaya inji. Da an tayar da shi, a dubi ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya. Wannan tsartuwa ita ce shaidar cewa ƴar farfelar roba da ke ƙasa tana jan ruwa. In ba a ga ruwan ba, a kashe inji nan take, a duba ko leda ko ciyawa ta rufe ƙofofin shan ruwa. Yashi na cinye robar, musamman da bazara in kogi ya ja baya, don haka a sake ta ko da sau ɗaya a shekara. Kada a kuskura a tayar da inji a tudu, domin robar na ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Na uku, man giya na ƙasa. Ana sauya shi bayan kimanin awa 100 na aiki. In an tsiyaye aka ga ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga ke nan. Sau da yawa zaren taru ne ke naɗewa a bayan farfela, ya yanke robar da ke tare ruwa. A riƙa cire farfela ana dubawa, a shafa giris a mayar.

Na san abin da masu jirgi za su ce: mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada. Gaskiya ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane mai inji ya ji a jikinsa. Amma araha ba ta ado. Kuɗin buji biyu da roba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin fistin da aikin makaniki ba, balle kwanakin da jirgi zai yi ɗaure a gaɓa ba ya kawo ko dala. Wasu kuma suna ƙara lodi don su mayar da kuɗin mai. Lodi na wahalar da inji, yana kuma nutsar da jirgi. Ba mu manta da haɗarin kusa da Wara, a Jihar Kebbi, a watan Mayun 2021 ba, inda jirgin da aka cika maƙil ya halaka mutane masu yawa.

Shawarata ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito ita ce, kada jirgi ya bar gaɓa sai an ga abubuwa huɗu: ruwa na tsartuwa daga inji, da bujin ajiya da sifanarsa, da filafili, da rigunan kariya na fasinjoji. Mai jirgi kuma ya ajiye ɗan littafi yana rubuta ranar da ya sauya mai da roba, domin ƙwaƙwalwa na mantuwa.

Kai kuma ɗan cin rani, kana da ido, kana da baki. In ka ga inji na tari, ko an ja igiya sau goma bai tashi ba, sauka ka jira na baya. Gara a makara da a rasa ka. Iyaye su faɗa wa ƴaƴansu wannan tun kafin su ɗauki jaka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.