Tutar Togo Ta Kowa Ce



Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai a lulluɓe motocin masu mulki da tutar ƙasa kamar gadon gidansu ce. Wanda ya ce a gyara kuwa, a kira shi maƙiyin ƙasa. To, mu tuna inda tutar nan ta fito.

Ranar 27 ga Afrilu 1958 talakawan Togo suka fita zaɓe, Majalisar Ɗinkin Duniya tana sa ido, suka ba masu neman 'yanci rinjaye. Bayan shekara 2 cif, ranar 27 ga Afrilu 1960, aka ɗaga tutar da mai zane Paul Ahyi ya tsara: layi 5 na kore da rawaya, da jan fili mai farin tauraro. Kore na noma ne da kyakkyawan fata, rawaya na arzikin ƙasa, ja kuma jinin waɗanda suka mutu wajen neman 'yanci. Ƙuri'ar talaka ce ta haifi wannan tuta. Aka sami taken ƙasa daga Alex Casimir-Dosseh, da kirari na kalma uku: Aiki, 'Yanci, Ƙasar haihuwa.

Da mulkin jam'iyya ɗaya ya kafu, sai aka fara sauye-sauye. A 1979 aka jingine taken ƙasa, aka ɗora waƙar jam'iyyar RPT a gurbinsa. Kirari ya koma Haɗin kai, Zaman lafiya, Taimakon juna. Kalmomi ne masu daɗin ji, amma ku duba wadda aka cire: 'Yanci. Ranar 13 ga Janairu kuwa, wadda aka kashe Sylvanus Olympio a cikinta a 1963, Eyadema kuma ya yi juyin mulki a cikinta a 1967, ita aka mayar babbar ranar biki, ta danne 27 ga Afrilu.

Kayan aro ba ya rufe katara. Jama'a suka tashi, aka yi taron ƙasa a Lome a 1991. Tsarin mulkin 1992, wanda talakawa suka amince da shi da ƙuri'arsu, ya tabbatar da taken asali da kirarin asali, ya kuma ƙayyade wa shugaba wa'adi 2. A 2002 aka cire wannan iyaka. Neman dawo da tsarin 1992 ne ya fito da mutanen Sokode kan titi ranar 19 ga Agusta 2017. A 2024 majalisa ta sauya tsarin mulki ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, yanzu talaka ba ya zaɓen shugaban ƙasa da hannunsa. Wanda ya sami rinjaye a majalisa shi ke riƙe mulki. Ke nan ƙuri'ar ɗan majalisa ta ƙara nauyi.

Mu 'yan zango da mazauna bakin iyaka mun saba jin ana kiranmu baƙi. Duk mai takardar ɗan ƙasa, tutar nan tasa ce, ko da wane harshe yake magana a gida.

Ku nemi katin zaɓe, ku duba sunayenku tun da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku fito, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah Ya zaunar da Togo lafiya.