Yaron da Bai Taɓa Ganin Ungulu Ba

Kowace Asabar da sassafe mukan fita gudu tare da manyan yaran makarantarmu. Mukan bar titin mota mu bi hanyar ƙafa ta cikin gonaki, mu hau tudu mu gangara fadama, har mu yi kamar kilomita 5 kafin mu juyo. Ƙasar Ikara ba ta da manyan duwatsu irin na Filato, amma tudun da muke da shi ya isa ya sa ƙirji ya ɗauki zafi. Yaran da ke kukan rashin takalmi mukan tuna musu da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960 ba kome a ƙafarsa. Su kuwa sukan ce shi bai gamu da ƙarangiya ba.

In mun kai kan tudu mukan zauna mu huta, kowa ya ɗaga kai ya faɗi abin da ya gani. Sai an yi haƙuri, gama tsuntsaye masu manyan fukafukai sun fi son rana ta ɗumama ƙasa tukuna, iska mai zafi ta tashi ta ɗauke su. Shirwa ba ta da wuyar ganewa, wutsiyarta a rabe take, tana karkata ta dama da hagu. In aka sa wa daji wuta da rani sai ka ga sun taru bisa hayaƙin suna cafke fara. Shaho kuwa ba ya tsayawa a kalle shi. Iyaye mata masu 'yan tsaki sun fi mu saninsa.

Ran nan muna zaune, sai wani yaro ɗan shekara 13 ya ce, "Malam, wai yaya kamannin ungulu yake?" Muka yi tsammani wasa yake yi. Ashe da gaske ne, bai taɓa ganinta ba.

Abin ya tsaya mana a rai ƙwarai. Sa'ad da muke yara, in an je kasuwar Maƙarfi ko Hunkuyi, ungulaye suna jere a mahauta, sai an kore su da sanda. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin a kwana biyu sun share wurin. Yau sai wari da ƙudaje da karnuka.

Ba a nan kaɗai ba ne. A 2015 masana tsuntsaye na duniya suka sa ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Wasu guba ce ke kashe su, wadda ake zuba wa mushe. Da yawa kuma kama su ake yi, a sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu. A Indiya wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Karnukan da ke cin mushe suka yi yawa, ciwon haukan kare kuma ya ƙaru.

Mun zana wa yaron ungulu a allo ran Litinin, da wuyanta mai sanƙo, ajin ya yi ta dariya. Asabar mai zuwa za mu nufi wajen fadamun rake na Kudan ko za mu dace. Wanda duk ya ga ungulu a garinsu, muna roƙo ya rubuto wa Edita, ya faɗi wurin, da ranar, da ko guda nawa ne.