Wasiƙa ga Masu Duba Rubutun Manhaja a Minna



Mai wannan wasiƙa, daga Sabon Garin Minna, ya yaba da hazaƙar matasan da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, take yayewa. Suna da zafin nama, kuma ba sa rowar ilimi.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda suke duba aikin juna. Yaro zai rubuta 'yar manhajar da za ta haɗa Emacs ko Vim da kundin adireshin imel, don in an fara buga suna, sauran ya fito da kansa. Sai mai dubawa ya leƙa, ya gyara tazarar layi, ya sa hannu. Ko kunna ta bai yi ba, balle ya gwada ta da sunan maƙwabcinsa.

To, a buga "Dan" a gani. Ɗanladi ba zai fito ba, domin a tsarin Unicode Ɗ harafi ne mai zaman kansa, saɓanin ọ ta Yarabanci wadda ake iya cire wa ɗigo a samu o. In aka jera sunaye bisa lambar haruffa, Ɗanjuma sai ya koma bayan Zainab. Suna mai waƙafi kuwa, irin "Bello, Musa", in ba a rufe shi da alamar zance ba yadda ƙa'idar RFC 5322 ta 2008 ta tanada, manhaja za ta ɗauka mutum biyu ne.

Magabata ba haka suka yi ba. A 1976 Michael Fagan na IBM ya tsara a zauna tare, mutum guda ya bi rubutun yana fassara shi da baki, sauran na farautar kuskure. Har yau a Emacs, Eli Zaretskii, ɗaya daga cikin masu kula da ita, kan mayar da gyara ga mai shi in bayaninsa bai fito sarai ba. Ina wannan haƙurin ya tafi? Wanda ya sa hannu a kan abin da bai gwada ba, shaidar zur ya yi!

A gafarta masa zafin harshe, kishin sana'ar ne. Roƙonsa dai, kafin a amince da irin wannan aiki, a zuba masa sunayen Hausawa, Nupawa, Gbagyi, Yarabawa da Ibo na unguwa, a aika saƙo na gaske, a tabbatar ya isa.

Wassalam.